Gado da Garkuwar Jiki: Nazari a kan Ayyukan Hugh McDevitt da Tasirinsu

Tun kafin masana su gano ƙwayoyin cuta, jama'a sun daɗe da lura da cewa cuta ba ta yi wa mutane kamu ɗaya. Ƙyanda takan shiga gida ta kwantar da wani yaro har a fid da rai da shi, ta taɓa ɗan'uwansa sama-sama, alhali kuwa ciki ɗaya suka fito, akushi ɗaya suke ci. Akwai kuma wani nau'in ciwo da ya fi wannan ɗaure kai, wanda babu wata ƙwayar cuta da ake kamawa da laifinsa kai tsaye. Jiki ne da kansa yake juyowa yana cin wani sashe nasa, kamar yadda ake gani a ciwon sukari na yara, da amosanin gaɓɓai, da ciwon nan da likitoci ke kira lufus. Irin wannan ciwo yakan bi dangi, amma ba ya bin ƙa'ida tsayayya irin ta sikila. Yakan kama ɗaya ya tsallake goma. Me ya haɗa waɗannan al'amura biyu, kuma ina hannun gado a cikinsu? Babban kaso na amsar da ake da ita ya fito ne daga ɗakin binciken wani likita Ba'amurke, Hugh O'Neill McDevitt, shehun malami a Jami'ar Stanford, wanda aka haifa a 1930, ya rasu a 2022. A kan maƙalunsa, da abin da ya biyo bayansu, wannan lacca za ta tsaya.

Halin da ilmi yake ciki kafin zuwansa

Idan baƙon abu ya shiga jiki, ko ƙwayar cuta ce, ko dafi, ko allurar rigakafi, wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera wani furotin wanda ya dace da wannan baƙo shi kaɗai, ya kama shi ya hana shi ɓarna. A nan za a riƙa kiran wannan furotin makari. Tun wajen 1901 masanin nan Bajamushe Paul Ehrlich ya nuna cewa lalle ne jiki yana da wata dabara da ke hana shi juya wannan makami a kan kansa. Almajiransa suka ɗauki maganar da nisa fiye da yadda ya nufa, har aka shafe rabin ƙarni ana ganin cewa jiki ba zai taɓa yaƙar kansa ba. Sai a 1956 wannan ra'ayi ya karye. A wannan shekara Noel Rose da Ernest Witebsky a Amurka suka sa zomaye suka yi makari a kan ƙululun maƙogwaronsu, Ivan Roitt da Deborah Doniach a Landan kuma suka sami irin wannan makari a jinin masu wani nau'in maƙoƙo.

A wani fagen dabam kuma, akwai masu nazarin dashe. An san cewa idan aka ɗebi fatar wani aka dasa wa wani, jiki yakan ƙi ta, ta bushe ta faɗi. A 1936 Peter Gorer a Landan ya gano wata alama a jikin ƙwayoyin ɓeraye wadda take da hannu a wannan ƙi. George Snell a Amurka ya kwashe shekaru yana haɗa ɓeraye barbara, har ya samar da zuriyoyi waɗanda kome nasu ɗaya ne in ban da wannan ɗan yanki na gado, aka raɗa wa yankin suna H-2. A 1958 Jean Dausset a Faransa ya gano alama ta farko irin wannan a jikin ɗan Adam, tsarin da daga baya aka kira HLA. Yankin yana kan igiyar gado ta 17 a ɓera, ta 6 a mutum.

Sai dai akwai wata tambaya da ba a iya amsawa ba. Ɓera a daji ba a yi masa dashen fata, mutum ma ba a yi dashen ƙoda da ya ɗore ba sai a 1954. To mene ne amfanin waɗannan alamomi tun fil azal? An san su ƙwarai a matsayin cikas ga likitan fiɗa, amma aikinsu na asali a ɓoye yake.

Zomaye da ɓerayen Mill Hill

McDevitt ya yi digirinsa na farko a Stanford a 1952, ya gama karatun likita a Harvard a 1955. Bayan aikin asibiti da aikin soja a Japan, ya zauna a ƙarƙashin Albert Coons, wanda ya ƙago dabarar liƙa wa makari rini mai ƙyalli domin a gan shi a madubin likita. A 1962 ya tafi Cibiyar Binciken Likitanci ta Ƙasa da ke Mill Hill a Landan, wajen John Humphrey. Abin da ya kai shi ba shi da alaƙa da gado ko kaɗan. So yake ya bi sawun baƙon abu a cikin jiki, ya ga ko yana shiga cikin ƙwayar da ke ƙera makari, domin a lokacin ana muhawara ko baƙon ne yake zama ma'auni a ƙera makari a kansa, ko kuwa jiki yana da makarinsa tun tuni, zaɓa kawai baƙon yake yi.

Wannan aiki yana bukatar baƙon abu wanda aka san ƙirarsa sarai. Michael Sela na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya riga ya haɗa irin wannan a ɗakin gwaji. Furotin dai jere ne na ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid. Sela ya ɗauki iri huɗu kacal ya gina wani abu mai kama da bishiya: gangar jiki ta laisin, rassa na alanin, a kan kowane reshe kuma tairosin da gulutamik asid. A taƙaice ana kiransa TGAL.

Da aka yi wa zomayen cibiyar allurarsa, sai da yawansu suka ƙi yin makarin kirki. Aka sake wani irin zomaye, su kuwa suka yi. Mai gaggawa zai ɗauki zomayen da suka yi ya ci gaba da aikinsa, ya manta da na farko. Hasali ma haka aka saba yi, don an daɗe ana cin karo da dabbobin da ba su amsa allura, ana ɗora laifin a kan rashin sa'a. McDevitt ya tsaya a kan bambancin. Ya koma kan ɓeraye, domin a cikinsu akwai zuriyoyin da aka yi ta haɗa wa da ƙanwa har suka zama tamkar tagwaye. Zuriyar C57 ta yi makari mai yawa a kan TGAL, zuriyar CBA kuwa ɗan kaɗan, bambancin ya kai ninki goma ko fiye. Da aka haɗa su, 'ya'yan suka amsa allurar, watau halin amsawa shi ne mai rinjaye.

Gwajin da ya ba wannan aiki ƙarfinsa shi ne na biyu. An cire tairosin daga kan rassan aka sa histidin a gurbinsa, aka sami HGAL. Nan take al'amarin ya juye: CBA ta amsa da ƙarfi, C57 ta gaza. Ashe ba wata zuriya ce mai raunin garkuwa ba. Kowace tana da abin da take gani da abin da ya shige mata duhu, kuma gado ne yake yanke wannan. McDevitt da Sela suka buga wannan a 1965 a mujallar Journal of Experimental Medicine. Shekara biyu kafin haka, Baruj Benacerraf da abokan aikinsa a New York sun ga makamancin wannan a ɓerayen Masar da wani haɗaɗɗen abu dabam. Ke nan an sami shaida biyu daga dabba biyu, amma ba wanda ya san inda ƙwayar gadon take.

Haɗuwar fage biyu

A 1966 McDevitt ya koma Stanford. Tare da Marvin Tyan ya nemi sanin ko a wace gaɓa wannan hali yake zaune. Suka ƙone ɓargon ɓeraye marasa amsawa da haskoki masu ƙarfi, suka zuba musu ƙwayoyin saifa na ɓeraye masu amsawa, sai ga marasa amsawa sun amsa. Amma zuba ƙwayoyin wani a jikin wani dashe ne, tilas a kula da H-2 don kada jiki ya ƙi su. Ta wannan ƙofa ce H-2 ta shigo cikin lissafi, kuma da aka duba sai aka ga halin amsawa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita. A nan wahalar da Snell ya sha ta yi rana. Zuriyar C3H ba ta amsa TGAL sosai, 'yar'uwarta C3H.SW kuwa, wadda ba ta bambanta da ita ba sai a yankin H-2, tana amsawa. An buga wannan a 1968, a 1969 kuma McDevitt da Allen Chinitz suka tabbatar da shi a mujallar Science bayan sun gwada zuriyoyi masu yawa: idan aka san irin H-2 na ɓera, ana iya faɗin yadda zai amsa kafin a soka masa allura.

A 1972 McDevitt, tare da Donald Shreffler da Jan Klein da Snell kansa da wasu, ya nuna cewa ƙwayar gadon da ya kira Ir-1 a tsakiyar yankin H-2 take, ba a gefensa ba. A wannan shekara kuma shi da Benacerraf suka haɗu suka rubuta maƙala a Science wadda ta tattara shaidun ɓeraye da na ɓerayen Masar wuri ɗaya. Daga nan yankin da aka ɗauka damuwar likitan dashe ce kawai ya zama cibiyar nazarin garkuwar jiki baki ɗaya.

Gano wuri dabam, gane aiki dabam. Gwaje-gwajen ɗakin McDevitt sun nuna cewa ɓera marar amsawa yana da ikon ƙera makarin, domin idan aka liƙa TGAL a jikin wani furotin da garkuwarsa take gani, sai ya ƙera. Abin da ya rasa shi ne umurni daga wasu ƙwayoyin jini da ake kira T, waɗanda ke samun horo a taimos, wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji. Saboda haka masana da yawa, har da McDevitt da Benacerraf, suka karkata ga zaton cewa Ir-1 ita ce take gina idon da ƙwayar T ke ganin baƙo da shi. Zato ne mai ma'ana, amma kuskure ne, kuma ya ci wa fagen shekaru. Da aka gano furotin ɗin da wannan yanki yake ginawa a 1973, a ɗakuna da dama har da na Stanford, sai aka same su galibi a jikin wasu ƙwayoyi dabam, masu haɗiye baƙo da masu ƙera makari. Alan Rosenthal da Ethan Shevach a 1973, sa'an nan Rolf Zinkernagel da Peter Doherty a Ostareliya a 1974, suka nuna cewa ƙwayar T ba ta ganin baƙo tsirara, sai an miƙo mata shi tare da alamar jikin mai shi. Idon T na gaskiya kuwa sai a 1984 Mark Davis da Tak Mak, kowa a nasa ɗakin, suka gano ƙwayoyin gadonsa, kuma ba a yankin H-2 suke ba.

Yadda abin yake, kamar yadda ya tabbata, shi ne kamar haka. Ƙwayar da ta haɗiye baƙon furotin takan daddatsa shi gutsi-gutsi, ta ɗora kowane gutsure a kan furotin na HLA, ko H-2 in ɓera ne, ta fito da shi fili. Furotin ɗin tamkar faifai ne da ake miƙa kaya a kansa, ƙwayar T kuma ba ta duba kome sai abin da ke kan faifan. A saman furotin ɗin akwai wani kwarmi mai aljihuna, gutsuren da ya dace da aljihunan shi yake zama, wanda bai dace ba ya zame. Tun da kowa ƙirar kwarmin da ya gada dabam ce, abin da garkuwar wani ta gani ta wani ba za ta gan shi ba. A 1985 Emil Unanue da abokan aikinsa suka nuna wannan kamu kai tsaye a cikin kwalba. A wannan shekara kuma Diane Mathis da Christophe Benoist, waɗanda dukansu sun yi aiki a ɗakin McDevitt, suka dasa wa ɓera marar amsawa ƙwayar gado ɗaya ta wannan yanki, ya koma mai amsawa. A Oktoba 1987 Pamela Bjorkman da Don Wiley da Jack Strominger suka fitar da siffar furotin na HLA, ga kwarmin nan a fili, har da wani abu kwance a cikinsa. Shekara 22 ke nan bayan ɓerayen Mill Hill.

Daga ɓera zuwa majinyaci

McDevitt likita ne kafin ya zama mai bincike, bai kuwa jira duk wannan ya warware ba kafin ya juya ga marasa lafiya. Hujjarsa mai sauƙi ce. Idan gado yana yanke abin da garkuwa za ta gani daga waje, babu abin da zai hana ya yanke abin da za ta gani daga cikin gida. A 1971 shi da Carl Grumet da Walter da Julia Bodmer suka ba da rahoton alaƙa tsakanin wasu nau'o'in HLA da ciwon lufus. Alaƙar ba ta da ƙarfi sosai. Mai ƙarfin ta zo ne a 1973 daga wasu hannaye, a Landan da Los Angeles, inda aka gano cewa wajen 9 cikin 10 na masu ciwon sanƙarewar ƙashin baya suna ɗauke da HLA-B27, alhali a cikin Turawa masu lafiya bai fi mutum 8 cikin 100 ba.

A 1974 McDevitt da Walter Bodmer suka rubuta wata maƙala a Lancet wadda ta cancanci a tsaya a kanta, domin hasashe ta yi, hasashen kuma ya tabbata. Sun ce yawancin alaƙoƙin da ake gani masu rauni ne saboda alamomin da ake iya aunawa a lokacin maƙwabta ne kawai na masu laifin. Ana gadonsu tare don suna kusa da juna a kan igiya ɗaya. Idan aka gano takwarorin Ir-1 a jikin mutum, alaƙar za ta fito da ƙarfi. Cikin 'yan shekaru aka gano su, aka kira su DR da DQ da DP. A 1978 Peter Stastny ya danganta DR4 da amosanin gaɓɓai. Ciwon sukari na yara kuwa, wanda a 1974 aka gano makari a kan ƙwayoyin insulin a jinin masu shi, ya fito da DR3 da DR4: wajen kashi 90 cikin 100 na yaran Turawa masu ciwon suna da ɗaya ko duka biyun, a sauran jama'a kuwa wajen kashi 40.

A kan wannan ciwo McDevitt ya yi aikinsa mafi shahara na biyu. A ciwon sukari na yara, ƙwayoyin T ne suke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin a cikin fankiriyas, gaɓar da ke kwance bayan tumbi, har yaro ya zama ba ya rayuwa sai da allura kullum. A 1980 masana a Japan sun sanar da wata zuriyar ɓeraye, NOD, wadda take kamuwa da irin wannan ciwo da kanta. A 1987 Hans Acha-Orbea da McDevitt suka karanta jerin tubalan furotin ɗin wannan ɓera, suka ga ya saɓa wa na sauran ɓeraye a wani ɗan wuri. A gurbi na 57, inda sauran ke da asfatik asid, shi serin gare shi. A daidai lokacin wasu matasa biyu a ɗakin, John Todd da John Bell, suna karanta jerin DR da DQ na majinyata. Abin da suka samu, wanda mujallar Nature ta buga a Oktoba 1987, wata ɗaya da siffar Bjorkman, shi ne cewa a sarƙar beta ta DQ, mai tubali fiye da 200, gurbi na 57 ɗin nan dai shi ne ya fi rarrabewa. Nau'o'in da ke da asfatik asid a wurin sun fi karkata ga kariya, waɗanda ke da alanin ko balin ko serin kuwa suna barin ƙofa a buɗe. Mutum da ɓera, waɗanda suka rabu tun shekaru miliyoyi, sun haɗu a kan tubali ɗaya.

Dalilin ya bayyana da aka fitar da siffar furotin na NOD a 2000 da na DQ8 na mutum a 2001. Gurbi na 57 yana bakin aljihu na ƙarshe na kwarmin. Idan asfatik asid yana nan, yakan riƙe wani tubali da ke fuskantarsa a ɗaya sarƙar, ajinin na gurbi na 76, domin lantarkinsu kishiyoyi ne masu jan juna. Idan babu shi, ajinin ya zama ba abokin riƙo, sai ya jawo gutsattsarin furotin masu irin lantarkin asfatik asid, cikinsu har da wani gutsure na insulin kansa. Ta haka jiki yake ɗora nasa a kan faifan baƙi.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan bincike, domin an yi ta zuzuta shi fiye da kima. Mafi yawan masu ɗauke da DQ mai haɗari ba su taɓa yin ciwon ba har su mutu. Tagwaye masu gado ɗaya ma, sau da yawa ɗaya yakan kamu ɗaya ya tsira. Yankin HLA gaba ɗayansa yana ɗauke da wajen rabin haɗarin da ake gada, sauran yana warwatse a wurare fiye da 50. A Japan an sami nau'o'in DQ masu asfatik asid waɗanda duk da haka suke tafiya da ciwon. Amma ƙa'idar ba ta rushe ba. A 2015 wani babban bincike da ya duba mutum fiye da 18,000 ya sake samun gurbi na 57 a kan gaba, sai gurabe biyu na DR, na 13 da na 71, suna biye da shi.

Magani, almajirai, da lambar da ba ta zo ba

Ta fuskar magani, sakamakon bai kai na fahimta ba. A 1981 Lawrence Steinman da McDevitt sun hana ɓeraye kamuwa da wani ciwon laka ta hanyar toshe waɗannan furotin da makari, a 1983 kuma aka yi makamancin haka a ɓeraye masu lufus. Dabarar ba ta zama maganin mutane ba, gama wanda ya toshe faifan gaba ɗaya ya toshe har da kariyar da ake bukata. A 1988 Chaim Jacob da McDevitt sun nuna cewa ɓeraye masu lufus suna da ƙarancin wani sinadarin kumburi, TNF, kuma ƙara musu shi yana jinkirta lalacewar ƙoda. Abin ya zo wa mutane a bai-bai, don an ɗauki TNF mai ɓarna ne kawai. Da magungunan toshe TNF suka shigo asibiti a ƙarshen shekarun 1990, suka yi wa masu amosanin gaɓɓai amfani mai yawa, sai aka ga wasu 'yan kaɗan daga cikin majinyatan suna nuna alamun lufus, kamar yadda ɓerayen suka yi ishara. Amfanin da ya tabbata a asibiti shi ne na tantancewa: da nau'in HLA ake zaɓen jariran da za a sa wa ido a manyan binciken ciwon sukari, da shi ake kore zaton ciwon hanji na alkama, da shi kuma ake gane wanda maganin ƙanjamau abacavir zai yi wa illa.

A 1980 aka ba Snell da Dausset da Benacerraf lambar Nobel saboda wannan fage. Ƙa'idar lambar ba ta wuce mutum uku, McDevitt ne na huɗu. Masana garkuwar jiki da yawa sun ga an yi masa ƙwauro, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: Benacerraf ya riga shi ganin gadon amsawa, amma haɗa wannan gado da H-2, wanda shi ne ƙashin bayan al'amarin, daga Stanford ya fara fitowa. An zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 1977, da Royal Society ta Ingila a 1994. Gadonsa mafi yawa a jikin mutane yake. Bell ya riƙe kujerar babban shehun malamin likitanci ta Oxford daga 2002 zuwa 2024. Todd ya jagoranci binciken 1994 da ya fara laluben dukan igiyoyin gadon ɗan Adam don neman tushen ciwon sukari na yara. Mathis da Benoist sun kafa ɗakinsu a Strasbourg, daga baya suka koma Harvard. McDevitt ya rasu ran 28 ga Afrilu 2022, yana da shekara 91.

Inda lissafin ya taɓa Afirka

Nau'o'in HLA da aka rubuta a duniya sun haura 30,000, babu wani yanki na gadon ɗan Adam mai yawan bambanci kamar wannan. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cututtuka masu yaɗuwa ne suka tankaɗe su tsawon zamani: al'ummar da faya-fayanta suka bambanta, da wuya annoba ɗaya ta share ta. Ɗaya daga cikin fitattun shaidun wannan ya fito ne daga Gambiya a 1991, inda Adrian Hill da abokan aikinsa suka sami HLA-B53, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma ya kuma yi ƙaranci a Turai, yana tafiya da raguwar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a yara. Cikin marubutan akwai Brian Greenwood, wanda tun a 1968 ya lura a asibitin koyarwa na Ibadan cewa ba a cika ganin cututtukan da jiki ke yaƙar kansa ba, a 1970 kuma ya nuna cewa zazzaɓin sauro yana danne irin wannan ciwo a ɓeraye, kafin ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi shekara goma. Da kayan gwaji suka ƙaru, an riƙa samun lufus da amosanin gaɓɓai a asibitocin Nijeriya fiye da yadda aka zata a da, saboda haka wani ɓangare na ƙarancin na rashin ganowa ne.

Kusan dukan alƙaluman da aka ambata a baya daga Turawa aka ɗebo su, kuma ba duka ne suke tsayawa a wannan nahiya ba. A 1989 Todd ya nuna cewa DR7, wanda ba shi da haɗari a Turawa, yana tafiya da ciwon sukari a baƙar fata, domin a wurinsu yana haɗe da wata sarƙar DQ dabam. Wannan ne ma ya tabbatar da cewa ɗaya sarƙar, alfa, tana da nata hannu. A Gambiya an sami B27 a cikin Fulani ba tare da an sami sanƙarewar ƙashin bayan da yake jawowa a Turai ba. A 2025 kuma wani bincike da aka yi a Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu, a kan yara da matasa kusan 900 da aka rubuta a matsayin masu ciwon sukari na yara, ya sami wajen kashi 65 cikin 100 nasu ba su da makarin da ke nuna cewa garkuwar jiki ce ta hallaka ƙwayoyin insulin, ba su kuma ɗauke da gadon haɗarin da aka sani. Insulin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai, suna bukatar allura kamar kowane mai ciwon, amma ta wata hanya dabam suka iso wurin.